Nahawuna daidai ne, to me ya sa aka ce Turancina ya yi tauri?

Tambaya: Ina rubuta rahotanni da wasiƙun aiki da Turanci, yanzu kuma na fara kundin digiri na biyu. Manhajar gyaran rubutu ba ta kama ni da kuskuren nahawu, amma malamin da ke duba aikina ya ce Turancin nawa ya yi tauri, masu harshen ba haka suke rubutu ba. Na yi ta haddace manyan kalmomi, abin bai sauya ba. Ina matsalar take, kuma yaya zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, rabin amsar tana cikin tambayar taka. Haddar manyan kalmomin nan da ka duƙufa a kai ita ce ta ƙara wa rubutun tauri, wato ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Na daɗe ina gyara kundaye da rahotanni da wasiƙun mutanen da suka koyi Turanci a aji, kuma yawancin jimlolin da nake ja wa layi ba su da laifin nahawu ko ɗaya. Laifinsu kawai shi ne mai harshen ba zai faɗi abin haka ba. Manhaja tana duba ko jimla ta halatta, shi kuwa mai karatu kunnensa yana neman abin da ya saba ji. Malaminka da kunne ya auna ka.

Bari in fara da inda son manyan kalmomi ya samo asali. A shekarar 1066 William, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi ya hau gadon sarautarta. Daga nan har wajen shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, Latin harshen coci da malamai, Turanci kuwa aka bar wa talakawa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gudanar da shari'a da Turanci. Da harshen ya dawo kan mulki, ya dawo da kayan aro jibge. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar ma'ana guda tana da kalma hawa-hawa: ta asali, da ta Faransanci, da ta Latin. Akwai "ask", akwai "question", akwai "interrogate". Akwai "begin" da "commence", "buy" da "purchase", "help" da "assist", "end" da "terminate". Mu da muka koyi harshen a makaranta, an nuna mana hawan sama a matsayin alamar ilimi, sai muka ɗauka duk wanda ya rubuta "use" bai yi karatu ba sai ya ce "utilise".

Su kuwa masu harshen sun daɗe da dawowa daga rakiyar wannan salo. Tun a 1948 Baitulmalin Birtaniya ya sa Sir Ernest Gowers ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati jagora kan rubutu da kalmomi masu sauƙi, saboda jama'a ba sa fahimtar wasiƙun da ake aika musu. A 1979 Chrissie Maher ta je dandalin da ke gaban majalisa a Landan ta yayyaga tarin takardun gwamnati a bainar jama'a, daga nan ƙungiyar Plain English Campaign ta kafu. A 1999 kotunan Ingila da Wales suka jefar da tsofaffin kalmomi irin su "plaintiff" da "writ" a shari'un da ba na laifi ba, suka koma "claimant" da "claim form". A Amurka ma, a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya su riƙa rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. Akwai kuma wani bincike da Daniel Oppenheimer, masanin halayyar ɗan Adam, ya wallafa a 2006, wanda nake so duk ɗalibi ya sani. Ya ɗauki rubuce-rubuce ya musanya kalmominsu da dogaye masu ma'ana ɗaya, ya ba masu karatu su auna marubutan. Rubutun da aka cika wa manyan kalmomi shi ya samu ƙaramin maki. Masu karatu sun sha wuya kafin su fahimta, sai suka ɗora wa marubucin laifin wahalar.

To idan ba manyan kalmomi ba, me ke sa rubutu ya zama na ofis ko na jami'a? Abubuwa ne kaɗan. Ba ka taƙaita kalmomi, sai ka rubuta "do not" maimakon "don't". Ba ka sa Turancin hira da na titi. Kana faɗin adadi da rana da suna daidai. Kana auna ƙarfin maganarka da ƙarfin hujjarka. Shi ke nan. Kalmomin fanninka kuwa ka riƙe su da kyau: lauya yana buƙatar "terminate" a yarjejeniya domin tana da ma'ana ta musamman a doka, likita yana buƙatar "diagnosis". Amma babu dalilin da zai sa taron ƙarfe goma ya yi "commence" alhali yana iya yin "start".

Yanzu ga babban abin, wanda a ganina shi ne mafi yawan abin da malaminka yake ji ya kasa faɗa maka sunansa. Kalmomi suna da abokan tafiya. Ka duba Hausa. Muna cewa mutum ya sha wahala, ya ci amana, ya yanke shawara, ya cika alkawari, ya kashe kuɗi, ya buga waya. Idan mai koyon Hausa ya ce "na ci wahala" ko "ya sha amana" ko "na sare shawara", wace ƙa'idar nahawu ya karya? Babu. Aikatau, wato kalmar aiki, yana wurinsa, karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, yana wurinsa. Amma duk Bahaushe zai ji wani abu ya soke shi a kunne, kuma idan ka tambaye shi me ya sa ake shan wahala ba a cin ta, zai ce maka haka ake cewa. Ba shi da wata amsa, kuma ba ya buƙatar wata.

Haka Turanci yake, sak. Ana cewa "make a decision" ko "reach a decision". Ana cewa "heavy rain", ba a cewa "strong rain", alhali mu ruwa mai ƙarfi muke cewa. Ana cewa "conduct research" ko "carry out research", ba a cewa "make research". Ana "raise a question", ana "meet a deadline", ana "draw a conclusion", ana "pay attention". Masanin harshe J. R. Firth ya faɗa a 1957 cewa ana sanin kalma ne ta abokan da take hulɗa da su. Daga baya John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham suka tara miliyoyin kalmomi na rubutu da magana a kwamfuta, suka duba yadda ake amfani da su a zahiri, aikin da ya haifar da ƙamus ɗin COBUILD a 1987. Abin da suka gano shi ne mai harshe ba ya gina jimla kalma bayan kalma kamar mai jera bulo. Da guntaye shiryayyu yake gini, kalma biyu, uku, huɗu a manne, da ya ji su sau dubbai. Kai kuwa kana zaɓen kowace kalma ita kaɗai daga ƙamus, kowace daidai a ma'ana, amma ba su san juna ba.

Nan ne ƙamus ɗin kalmomi masu kama da juna yake yi wa ɗalibai ɓarna. Ka rubuta "big problem", ka ga ta yi ƙanƙanta, ka danna ka samu "voluminous", sai ka rubuta "voluminous problem", abin da ba a taɓa ji ba. Abin da kake nema shi ne "serious problem" ko "major problem". Na taɓa gyara wani kundi inda marubucin ya gaji da maimaita "results show", sai ya koma "results exhibit", "results parade", "results flaunt". Na zauna da shi na nuna masa maƙalu biyar na fanninsa, muka ƙirga tare. Duk manyan masanan da yake girmamawa "show" da "suggest" da "indicate" suke ta maimaitawa, babu mai jin kunya. A rubutun ilimi maimaita kalma ba aibi ba ne. Idan ka kira abu "method" a shafi na biyu, ka ce "technique" a na uku, ka ce "approach" a na huɗu, mai karatu zai zaci abubuwa uku kake nufi.

Ƙananan kalmomin da ke bin aikatau su ma cikin wannan babi suke. Ana cewa "discuss the issue", babu "about". Ana cewa "emphasise the point", babu "on". Ana "request a meeting", sai idan suna ne ake cewa "a request for a meeting". Ana "depend on", ana "comply with", ana "consist of", amma "comprise" ita kaɗai take tafiya. Waɗannan ba su da dalilin da za ka riƙe, saboda haka kada ka sake haddace kalma tsirara. Ka haddace ta da kayanta. A littafin da kake tara kalmomi, maimakon "evidence" ka rubuta "strong evidence for", "there is little evidence that", "the evidence suggests".

Duba abokan tafiyar kalma kuwa ya yi sauƙi yanzu. Akwai ƙamus na musamman don wannan aiki, kamar Oxford Collocations Dictionary, inda za ka buɗe "decision" ka ga aikatau da sifofin da suke bin ta. Akwai rumbunan rubutu a intanet: British National Corpus mai kalma miliyan 100, da COCA na Turancin Amurka mai sama da kalma biliyan 1. Akwai Google Books Ngram Viewer da zai nuna maka wanne aka fi amfani da shi a littattafai tsakanin zaɓi biyu. Hanya mafi sauri ga mai kundi ita ce ka sa guntun maganar tsakanin alamun zance a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi. Idan ta fito a dubban maƙalu, ka samu hanya. Idan ta fito a uku, ka sake lale.

Bari in nuna maka wata wasiƙa irin wadda nake yawan gani, mu warware ta tare:

"Sequel to the above subject matter, I hereby write to humbly bring to your kind notice that the submission of the report could not be effected by me on the stipulated date owing to the fact that there was a delay in the provision of the necessary informations by the finance department. Kindly do the needful and revert."

Jimlar farko kalma 52 ce, kuma 17 na farko ba su faɗi komai ba, share fage ne kawai. Mai karatu yana da wasiƙu da yawa a gabansa, yana neman abu uku: me ya faru, me ya jawo, me kake so in yi. Ka lura kuma da inda ayyukan suka ɓuya. Aikin miƙa rahoto ya zama suna, "the submission". Aikin bayar da bayanai ya zama "the provision". Jinkiri ya zama "a delay". Da zarar ka mayar da aikatau suna, dole ka nemo masa wani aikatau maras jini ya ɗauke shi, irin su "effected" da "there was", sannan ka ɗaure shi da "of" da "by" da "in". Haka jimla take kumbura. Wanda ya yi aikin kuma an tura shi can ƙarshe, "by me", "by the finance department", kamar ana ɓoye shi. "Owing to the fact that" kalma biyar ce da "because" take ɗauke wa aiki. "Informations" kuskure ne, zan dawo kansa. "Do the needful" tsohon Turanci ne da ya rage a wasu ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka, kuma babban laifinsa shi ne bai faɗi abin da ake so a yi ba. "Revert" a wurin yawancin masu harshen komawa halin da ake ciki a da take nufi, ba mayar da amsa ba. Ga yadda zan rubuta ta:

"I am sorry that I could not submit the report on 12 March. The finance department sent the figures late, and I received them only yesterday. Could I have until 19 March to finish it?"

Kalma 35 maimakon 58, kuma ta fi waccan bayani, domin ta faɗi rana, ta faɗi buƙata. Ladabinta bai ragu ba. Kowace jimla ta fara da wanda ya yi aiki, aikatau na biye da shi kai tsaye. Wannan ita ce tambayar da za ka riƙa yi wa duk jimlar da ta yi maka nauyi: wa ya yi me? Ka nemo shi ka sa a gaba, ka nemo aikin ka mayar da shi aikatau. Alamar da za ta taimake ka ita ce kalmomi masu ƙarewa da "-tion" da "-ment" da "-ance". Idan ka ga uku a jimla guda, akwai aikatau da aka binne da rai.

Kada ka ɗauka ina hana ka jimlar da ba ta ambaci mai aiki ba. Wasu malamai suna hana ta gaba ɗaya, ni ban yarda da su ba. A babin da kake bayanin yadda ka gudanar da bincike, "The samples were stored at 4°C" ita ce daidai, don babu wanda ya damu da wanda ya buɗe firij. Mu ma muna cewa "an ajiye" idan mai ajiyewar ba shi ne abin magana ba. Laifin yana zuwa ne idan ka san mai aikin, mai karatu yana buƙatar saninsa, ka ɓoye shi don jimla ta yi kama da ta manya.

Abu na gaba ya shafi yadda jimloli suke riƙe hannun juna. Turanci yana son a fara jimla da abin da mai karatu ya riga ya sani, a ƙare ta da sabon abu, sannan sabon nan ya zama mafarin ta gaba. Idan aka bi wannan, sakin layi yana gudana ko babu mahaɗi. Idan aka saɓa, sai marubuci ya ji rubutun yana tsalle, ya ɗebo "moreover" da "furthermore" da "in addition" ya liƙa a farkon kowace jimla. Sylviane Granger da abokan aikinta a Jami'ar Louvain ta Beljiyam sun tara rubuce-rubucen ɗaliban da ke koyon Turanci daga ƙasashe da dama suka kwatanta da na masu harshen, kuma cikin abin da aka gani akwai yawan cusa irin su "moreover" da jibge mahaɗai a farkon jimla. Duba wannan misali:

"The survey covered 200 households. Moreover, poor drainage was mentioned by most of them. Furthermore, flooding is caused by poor drainage."

Jimla ta biyu ta fara da sabon abu, ta tura sanannen abu baya. Ta uku ma haka. Juya su:

"The survey covered 200 households. Most of them complained about poor drainage, which causes flooding every year."

"Most of them" ta kama "households", "which" ta kama "drainage", ba a buƙaci mahaɗi ko ɗaya ba. Ka gwada wannan a shafi guda na kundinka: goge duk "moreover" da "furthermore", ka karanta. Inda maganar ta tsaya da ƙafarta, dama ba a buƙace su ba. Inda ta faɗi, tsarin tunanin ne ke da gyara, mahaɗin rufa masa asiri kawai yake yi. "However" da "therefore" da "because" kuwa ka bar su inda akwai saɓani ko dalili na gaske.

Game da tsawon jimla, masu koyar da sauƙaƙan Turanci suna ba da shawarar matsakaicin kalma 15 zuwa 20. Matsakaici ne, ba doka ba. Ka gauraya doguwa da gajera.

Akwai kuma 'yan tarkuna da harshenmu yake ɗana mana, waɗanda manhaja ba kullum take kamawa ba. Na farko "a" da "the". A Hausa kana iya cewa "na rubuta rahoto", suna ya tsaya shi kaɗai. A Turanci suna tilo da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa tsirara, dole a sa masa "a" ko "the" ko "my" ko "this". Amma Hausa ta ba ka ma'auni mai kyau: inda za ka iya cewa "wani rahoto", "a report" ne, inda za ka ce "rahoton" ko "rahoton nan da ka sani", "the report" ne. Idan kana magana a kan abu gaba ɗayansa, jam'i tsirara ya fi: "Students need feedback". "The" ita ce kalmar da ta fi kowace yawa a Turanci, saboda haka kuskure a kanta yana bayyana a kowane layi, ya cancanci ka ware masa karatu na musamman bayan ka gama rubutu.

Na biyu, "ina" ɗinmu. Muna cewa ina da, ina gani, ina so, ina fahimta, sai hannu ya rubuta "I am having a question", "I am understanding". Aikatau masu nuna hali ko mallaka, irin su "have", "know", "understand", "believe", "belong", a bisa al'adar harshen ba sa ɗaukar "-ing" a wannan ma'ana: "I have a question". Na uku, "na aika" ɗinmu guda ɗaya ce, Turanci kuwa ya raba ta biyu. Idan ka ambaci lokacin da ya wuce, "I sent it yesterday". Idan ba ka ambata ba, kuma sakamakon ne abin dubawa, "I have sent it". "I have sent it yesterday" ba ta zama. Na huɗu, sunayen da ba a yi musu jam'i: "information", "advice", "equipment", "furniture", "feedback", "evidence", haka ma "research" a yawancin amfani. Mu muna cewa bayanai da shawarwari da kayayyaki, shi ya sa hannu yake ƙara "s".

Sai auna magana, wanda a kundi yana iya ɗaga ka ko ya kayar da kai. Ɗalibai da yawa suna rubuta "This proves that" a kan binciken mutum ɗari. Masanin da ya goge zai ce "This suggests that" ko "These results indicate that", ya sa "may" ko "is likely to" inda hujja ba ta kai ga yanke hukunci ba. Wannan ba tsoro ba ne, gaskiya ce, kuma masu duba kundi suna lura da ita sosai. Amma kada ka zarce ka rubuta "It may possibly be suggested that this might perhaps". Rigar kariya guda ta isa jimla guda. Haka kuma ka rage "very" da "highly" da "extremely" da "indeed". A kunnen mai harshen, yawan ƙarfafawa yana rage ƙarfi.

Ladabi a wasiƙa ma haka yake. Turancin yau ba ya ɗora ladabi a kan kalmomin ƙanƙan da kai irin su "humbly" da "your esteemed office". Yana ɗora shi a kan siffar jimla: a mayar da umarni tambaya, a sa "could" ko "would". "Kindly send the file" a kunnen Baturen Ingila tana iya zama kamar umarnin wanda ransa ya fara ɓaci. "Could you send the file by Friday?" ita ce mai taushi. Idan abin babba ne, "I would be grateful if you could". "I want you to" kuwa ka guje ta ga na gaba da kai. A tsarin Birtaniya, idan ka buɗe da "Dear Sir or Madam" ka rufe da "Yours faithfully", idan ka ambaci suna ka rufe da "Yours sincerely". A imel "Kind regards" ta wadatar. Rana kuma ka rubuta sunan wata, domin 03/04 a Ingila 3 ga Afrilu ce, a Amurka 4 ga Maris. Ka zaɓi rubutun ƙasa guda, "organise" da "colour" ko "organize" da "color", ka tsaya a kai har ƙarshen aikin.

Ina so in faɗi wani abu a nan, domin na ga yadda irin wannan gyara yake karya wa mutane gwiwa. Masu amfani da Turanci a matsayin harshe na biyu sun ninka 'yan asalin harshen yawa, kuma da yawa daga cikin maƙalun da kake karantawa su suka rubuta. Ba a neman ka rikiɗe ka zama ɗan Landan. Abin da ake nema shi ne mai karatu ya wuce ta cikin jimlarka ya kai ga tunaninka ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Yin tunani da Hausa ma ba laifi ba ne. Ni kaina nakan ce wa ɗalibi ya faɗa mini hujjarsa da baki da harshen da ya fi iyawa, don in tabbatar ya san abin da yake son faɗa. Sau da yawa taurin Turanci taurin tunanin da bai nuna ba ne. Abin da ba a so shi ne ka rubuta jimlar Hausa sannan ka juya ta kalma-kalma. Tsara hujja da Hausa, gina jimla da guntayen Turanci.

Guntayen kuwa karatu ne yake kawo su, amma karatu da biro a hannu. Ka zaɓi maƙalu goma daga mujallu masu daraja na fanninka. Wannan karon kada ka karanta don abin da suka ce, karanta don yadda suka ce. Yaya suke buɗe gabatarwa? Da wane aikatau suke ambaton aikin wani? Yaya suke nuna giɓin da bincikensu zai cike? Yaya suke amsa cewa aikinsu yana da iyaka? Ka kwafe ƙwarangwal ɗin kawai, irin su "Little is known about", "Previous studies have focused on", "One limitation of this study is that". Waɗannan na kowa ne, ɗaukarsu ba satar fasaha ba ce. Satar tana farawa ne idan ka ɗauki tunanin mutum ko jimlarsa cikakkiya ba ka ambace shi ba. Jami'ar Manchester tana da shafi kyauta mai suna Academic Phrasebank da ya tara irin waɗannan bisa ga aikin da kowanne yake yi. Idan kuma kalmomin ilimi kake son ƙarawa, jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000 mai iyalan kalmomi 570 ya fi maka amfani fiye da haddar ƙamus, muddin ka koyi kowace da abokan tafiyarta.

Atisayen da na fi ganin amfaninsa tsoho ne. Benjamin Franklin, marubuci kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya ba da labarin cewa da shi ya koyi rubutu yana yaro, da mujallar Spectator. Ka ɗauki sakin layi guda mai kyau, ka rubuta ma'anar kowace jimla a taƙaice, ka ajiye na asalin kwana biyu. Sannan ka sake gina sakin layin daga taƙaitawarka, ka ɗauko na asalin ka jera su gefe da gefe. Duk inda kuka saɓa, nan darasinka yake: ya sa "the" ka manta, ya ce "raise" ka ce "bring up", ya fara da abin da ka ƙare da shi. Minti ashirin, sau uku a mako, ya isa. Bayan haka, duk abin da ka rubuta ka karanta shi da murya. Inda numfashinka ya ƙare kafin jimla ta ƙare, a raba ta. Inda ka ji ba za ka iya faɗa wa mutum haka ido da ido ba, a sauƙaƙa.

Manhajojin da ke sake rubuta maka sakin layi gaba ɗaya suna fitar da Turanci mai santsi, amma sukan sauya ma'ana a ɓoye, su mayar da "may" ta zama "will", kuma idan ka karɓa ido rufe ba ka koyi komai ba. Ka duba dokar jami'arka a kansu tukuna. Idan an yarda, ka ba su jimla guda, ka kwatanta da taka, ka tambayi dalilin kowane canji, ka karɓi wanda ka fahimta kawai.

Shi kuma malamin naka, kada ka koma masa da tambayar yaya zan gyara Turancina, don ba zai iya amsa ta a zama guda ba. Kai masa shafi ɗaya, ka roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin duk inda kunnensa ya ƙi, ko da ba zai faɗi dalili ba. Ka dawo gida ka rarraba layukan: wannan babbar kalma ce, wannan abokan tafiya ne, wannan aikatau ne da aka binne, wannan "the" ce. Za ka tarar iri biyu ko uku ne suke ta maimaituwa. Da su za ka fara a babi na gaba.